Shekarar da Muka Tankaɗe Ƙasar Rijiya

Maƙwabcina yana haƙa salga, jiya da hantsi iska ta kawo mini ƙanshin ƙasar da ake fitarwa daga ramin. Wanda bai tashi a gidan mahaƙa ba zai ce ƙasa ai ƙasa ce. Ba haka ba ne. Ta sama warin rana take yi da kashin awaki, ta can ciki kuwa sanyi-sanyi gare ta mai kama hanci, kamar sabuwar randa. Ina shaƙarta sai ga ni yarinya 'yar shekara tara a ƙauyenmu na gindin dutse, tafiyar hantsi daga Tamaske, kafin yaƙin Nasara ya kwashe mana samari.

Babana mahaƙin rijiya ne. Mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba, amma in ya taka wuri ya ce akwai ruwa, to a kawo igiya. A ranin da nake ba ka labari tsohuwar rijiyar gari ta koma ba da laka. Mata sukan fita da asuba zuwa fadama, ba su dawo ba sai rana ta take tsaka, kowace da tulu ɗaya. Inna tana cikinsu, ga ta da tsohon ciki. Baba ya zaɓi wuri kusa da wani gawo ya kama haƙa, ƙanensa yana jan kwandon ƙasa daga sama. Wata biyu suna abu ɗaya.

A gaba goma sha biyu dagi ya ci karo da farin dutse. Kwandon da ya biyo baya ya fito da katantanwa fal, amma duk sun zama dutse, wasu a murɗe kamar ƙahon rago, da waɗansu baƙaƙen haƙora masu tsini. Mu yara mun san irinsu. A kan tudu muke tsintarsu mu yi carafke, ba wanda ya taɓa ce mana uffan. Amma abin da ke kan tudu daban, abin da ke kwance inda za a sha ruwa daban. Kafin la'asar magana ta gama gari cewa Baba ya fasa makwancin mutanen da Ruwan Ɗufana ya halaka a zamanin Annabi Nuhu, kuma ruwan da zai fito daga wurin ruwan fushi ne, bai halatta a sha ba. Dattawa suka ce a cike ramin.

Ka san abin da wannan ke nufi ga mahaƙi? Wanda aka cike wa rijiya a kan tsinuwa, ba mai ƙara kiransa daga nan har garin Buza. Liman kuma kakana ne, uban Baba. Da ya ce a ci gaba, sai a ce ya bi bayan ɗansa. Da ya ce a cike, shi da kansa bai gamsu ba. Sai ya ɗora igiyar a bakin ramin ya ce kada kowa ya sauka, in Juma'a ta zo ba a sami hujja ba, a mayar da ƙasa inda aka ɗebo ta.

Cikin wannan makon ne wani Bature ya sauka zauren mai gari, don bayan dokinsa ya yi miki. Ba kumandan da ke mulkinmu ba ne, ba mai karɓar komai ba ne. Limamin Katolika ne, ya taso daga Madawa zai je Tawa ya yi wa ma'aikata 'yan Dahome sallarsu, kuma Mumpe suke ce masa, wato uba da Faransanci. Doguwar farar riga gare shi da gemu ja, ba shi da mata, wai kuma ba zai yi ba har abada. Matan garinmu sun kwana biyu suna juya wannan magana ba su ga kanta ba. Mu kuwa abin da ya ɗaure mana kai shi ne lasar dutse. Yana tafe sai ya duƙa ya ɗauki tsakuwa, ya lasa, ya kanga ta a rana yana dubawa ta wani ɗan gilashi. Muka yanke cewa ko yunwa ce ko taɓin hankali.

Da ƙafarsa ya zo bakin ramin Baba. Ina nan lokacin da ya durƙusa a kan tsibin ƙasar da farar rigarsa, yana tona da yatsu, fuskarsa kamar an yi masa bushara. Da gurguwar Hausarsa ya ce wa mutane nan duk teku ce a da, tun daga tudunmu har inda ido bai kai, kuma waɗannan halittun cikinta ne da suka mutu suka kwanta tun ba a halicci mutum ko ɗaya ba. Shekarun da ya ambata sun fi ƙarfin ƙidayar garinmu.

Kaka ya sa aka shimfiɗa masa buzu a inuwar gawon. Ni na laɓe bayan tsibin, don tun ina ƙarama kunnena ya fi ni girma.

"Littahinku bai hwaɗi Ruwan Ɗuhwana ba?" in ji Kaka.

Baturen ya ce ya faɗa. Kwana shida na halitta fa? Ya ce shi ma yana ciki.

"To kai da wane kaka tsaye, da littahi ko da dutsi?"

Baturen ya kakkaɓe ƙasar hannunsa. Ya ce wannan tambaya ta hana shi sakat tun yana ɗalibi. Wasu manyansa sun ce ya rabu da duwatsu kada su ɓatar da shi, wasu abokan karatunsa kuma sun ce ya rabu da littafi tunda duwatsu sun ƙaryata shi, uwarsa tana can gida tana yi masa addu'ar shiriya. Inda ya tsaya shi ne, wanda ya saukar da littafi shi ya shimfiɗa dutse, kuma ba zai faɗi gaskiya a ɗaya ya yi ƙarya a ɗaya ba. In ka ga kamar sun saɓa, to mai karatun ne bai iya ba, ko ya karanta littafin a gurguje ko ya karanta dutsen. Ya ce littafi ya zo ne ya sanar da mu wanda ya yi duniya da abin da yake so da mu, awon shekaru kuwa an bar wa hankali, shi ma hankalin kyauta ce daga wuri ɗaya. Kuma kwanan da aka yi kafin a halicci rana, da me aka auna tsawonsa?

Kaka ya shafa gemu ya ce wannan ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce, mu ma a wurinmu an san yinin Ubangiji ba irin namu ba ne. Sai wani tsohon soja ya tsoma baki, wai ya ji a bariki cewa masanan Nasara sun ce daga biri muka fito. Baturen ya yi ja har kunne. Ya ce jiki dai daga ƙasa yake, ko ta gajeriyar hanya ko ta doguwa, rai kuwa Allah ne ke busa wa kowa nasa, kuma manyansu ba su gama da wannan zance ba tukuna. Kaka ya ce a ɗaure birin nan a gefe, a gama da katantanwa.

Sannan Kaka ya ce magana ba ta cika tulu. Mutane ba sa mutuwa su tafi fes. In al'umma ce ta nutse a nan, dole a ga ƙashinsu, ko kaskon tukunya, ko dutsen wuya, ko na niƙa. Don haka a tankaɗe duk ƙasar da ta fito daga farin dutsen. In an ga alamar ɗan Adam, a cike. Baturen ya yarda, ya ce in an samu, zai miƙe gaban kowa ya ce shi ne ya yi kuskure.

Tankaɗe aikin mata ne, sai ga matan gari da rariya da faifai sun kewaye tsibi. Ban taɓa ganin abu irinsa ba, ana sheƙar ƙasa kamar gero, ana waƙa, ana yi wa juna ba'a cewa yau tuwon dutse za a ci. Katantanwa gefe, haƙora gefe. Ranar farko ba a ga komai ba, zuciyata ta fara sanyi.

Rana ta biyu abin ya faɗo a rariyata. Kewayayye ne, ya cika tafin hannuna, da kwarmi gaba da baya. Na sha tsotsar ƙashin bayan rago a miya, ba mai gaya mini cewa wannan ƙashi ne. Na duba dama, na duba hagu, na ƙulle shi a bakin zanena. Tsoro na ji, tsoro ƙwarai, don a ganina rijiyar Baba da sunansa duk suna cikin wannan ƙulli.

Da yamma na kasa cin tuwo. Inna ba ta tambaye ni ba, hannu kawai ta sa ta kwance ƙullin. Na zaci duka. Ta juya abin a hannunta, ƙafafunta a kumbure saboda hanyar fadama, ta mayar mini da shi.

"In kin ɓoye shi, mu dut mu sha ruwa lahiya," ta ce. "Ke ɗai za ki san abin da kika sha, har ki mutu."

Da safe na ratsa maza na ajiye shi a kan buzun Kaka. Baba ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai. Kowa ya zuba wa Baturen ido, ni kuwa ina roƙon Allah a zuci ya sa ya ce ba na mutum ba ne, ko da ƙarya. Ya duba ta gilashinsa, ya juya, ya sake juyawa.

"Ina zato na kifi ne," ya ce. "Amma zato ne. Dutse na karanta, ban karanta ƙashi ba. Ban sani ba."

A ranar ba wanda na tsana a duniya kamarsa. Kalma ɗaya ce ta rage masa ya ci gardama, ya ƙi faɗa. Kaka kuwa sai na ga ya gyara zama yana kallonsa kamar yanzu ya fara ganinsa. Ya aika a kira maɗori.

Maɗorin garinmu tsoho ne, idonsa ya dushe, amma ba ƙashin mutum da bai bi ta hannunsa ba. Ya laluba abin da yatsu ya daɗe, ya sa wani saurayi ya duƙa ya bi gadon bayansa gaɓa-gaɓa, ya koma kan abin. Ya ce na mutum yana da ƙaho a baya da fiffike biyu da ƙofar da lakar baya ke bi, kuma ba ya yin kwarmi haka. Wannan ba namu ba ne. Mahauci ya karɓa ya ce ba na saniya ba ne, ba na raƙumi ba. Wani da ya taɓa cin rani a bakin kogi ya ce irinsa sak ake samu a bayan kifi, sai dai na can bai wuce ƙwayar wake ba, kifin da ke da wannan kuwa ya fi jaki. Aka kwashe da dariya, ni na fashe da kuka.

An ƙarasa tankaɗe washegari, ba kasko, ba dutsen wuya. Ranar Juma'a Kaka ya ce halittun ruwa ne suka mutu a gidansu da ajalinsu, ba fushi a ciki, a mayar wa Baba igiyarsa. Dokin Bature ya warke, ya tafi tun ruwa bai fito ba. Wajen sallama Kaka ya ce masa mai gaskiya irinsa bai kamata ya mutu ba a yi masa sallar Musulmi ba, shi kuma ya yi murmushi ya ce abin da yake shirin faɗa wa Kaka ke nan. Kowa ya riƙe nasa, suka yi musafaha.

Kwana tara bayan haka Baba ya girgiza igiya daga ƙasa, guga ya fito a jiƙe. Mutane suka taru, amma kowa ya noƙe, don hukunci a baki daban, haɗiya daban. Kaka ya karɓi gugan farko ya tsuguna ya yi alwala da shi gaban kowa, ya kurkure baki, ya miƙa wa Inna saura. Ruwan yana da ɗan ɗanɗanon kanwa, kuma haka ya zauna.

Yanzu jikokina suna haddace a lakwal, makarantar boko, cewa ƙasarmu ta Adar ta taɓa zama ƙarƙashin teku, su rubuta a jarrabawa su manta, ko mamaki ba sa yi. Wani yaro mai wa'azi a unguwarmu ya ce wannan karatu kafirci ne, wani mai takardu kuma ya ce zancen littafi tatsuniya ce. Dukansu sun san komai, ba ka jin ɗayansu ya ce bari a tankaɗe a gani. Ina jin tausayinsu. An kafa famfo a ƙauyenmu, an rufe bakin rijiyar da siminti don kada awaki su faɗa. Amma shekara arba'in na yi ina shan ruwanta kafin ɗana ya dawo da ni Madawa, kuma ban taɓa kai ƙwarya baki gabana ya faɗi ba.