Tsaya-Nan, Mai Ƙofar Asibiti

Tsaya-Nan muke ce masa, don kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Tun kafin in kafa teburin lemo da ayaba a gefen ƙofar asibitin yake gadi a wurin. Mutum ne mai ƙaramin jiki da babbar murya, ga son doka kamar shi ya haife ta. Amma idan 'yar autarsa ta kawo masa abincin rana, sai ka ga duk muzuran sun zube. Shekararta tara, ita kaɗai ke zama a kujerarsa.

Da annobar korona ta zo, aka ba shi takunkumi da na'urar auna zafi mai kama da bindiga. Wanda goshinsa ya nuna kore ya wuce. Wanda ya nuna ja, sai tantin da ke bayan gini, ya zauna shi kaɗai har sakamakon gwaji ya fito. Mai jinya kuwa ɗaya tal. Na ga ya mayar da kakanni suna kuka, ko gezau.

Sai ga Auta da ciwon ciki, tana dafe gefen dama, jiki zafi rau. Mutumin da ya tura jama'a tanti ya fi kowa sanin tantin, bai yarda 'yarsa ta kwana can ba. Ya ce wa matarsa, "Ki ba ta farasitamol biyu, ki shafa mata ruwan sanyi a goshi. In jikin ya sauka ku taho."

Suka zo, ya ɗora na'ura, ta nuna kore. Har ya kashe mini ido, wai shi mai dabara.

A ciki ma'aikaciyar jinya ta tambaya, "Tana zazzaɓi?"

Uwar ta tuna tanti, ta ce, "A'a."

Layi ya yi tsawo, likita ɗaya ne, kowa na tsoron matsawa kusa da kowa. Aka ba su maganin tsutsar ciki suka koma gida. Washegari ciwon ya lafa, har Tsaya-Nan ya sayi ayaba a wurina don murna. Ashe afendis ne, 'yar hanjin nan ta gefen dama, kuma lafawar fashewa ce. Da suka dawo da ita, cikin ya yi tauri kamar katako, ba ta ko iya miƙe ƙafa.

Aka yi ɗakin tiyata da ita. Uwar ta shiga a matsayin mai jinya, kuma wanda ya shiga ba ya fita sai an sallame shi. Shi kuwa yana ƙofa.

Na ce, "Haba malam, ka leƙa mana! Wa zai hana ka? Kai ne ƙofar."

Ya dubi mutanen da ke zaune a gindin katanga, waɗanda shi ya hana su shiga. Ya ce, "Da wace fuska?"

Haushinsa na ji, wallahi, sannan tausayinsa ya fi ƙarfina. Kwanaki ya yi a haka. Daga kujerarsa ana hango tagar ɗakin yara a bene, wuyansa kullum a ɗage. Muryar nan duk ta tafi.

Ranar da aka cire mata robar da ke janye ruwa daga cikinta, uwar ta kira. Ni na danna masa wayar, na ƙara murya. Auta ta yi magana a hankali.

"Baba, kowa babansa cewa yake mai gadi ne ya hana shi. Kai kuma wa ya hana ka?"

Wata mata da yaro a kafaɗa ta matso ƙofa tana jira. Ya miƙo mini wayar ba tare da ya kashe ba, ya ɗaga na'urar.