Adakar Baba a Ƙarƙashin Talabijin

Mahaifinmu malami ne a Gurbin Bore, kuma abin da ya bar mana duka adaka ɗaya ce cike da littattafai, rabinsu da hannunsa ya kwafa. Yana da al'ada da ba ya ƙetarewa: kafin ruwan farko ya sauka, sai ya shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ya fito da su ya shanya, ya karkaɗe su takarda-takarda saboda gara. Ni ne babba, ni ya damƙa wa wannan aikin.

Da zaman ƙauye ya gagara, na kwaso iyalina da adakar muka sauka gidan ƙanena a Kaura Namoda. Ya sayi talabijin, ya haɗa sola, amma babu tebur. Ya dubi adakar ya ce, "Yaya, ara muna ita kwana biyu." Na ce to.

Kwana biyun nan damina uku ta zama.

Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, wallahi har da ni. Bayan la'asar, lokacin da a da nake buɗe littafi, sai in tsinci kaina a kan tabarma ina ihu don wani ƙato ya zubar da ƙwallo. Ni fa, malamin makaranta mai furfura! Duk bazara nakan ce gobe zan shanya su. To wa zai sauke talabijin ana tsakiyar fim? In na motsa, matan gida su ce, "Haba Malam, bari a ƙare wannan."

Ranar da batirin solar ya mutu, gida ya yi tsit, na ce a kama mini mu sauke talabijin. Na ɗaga murfi. Littattafan sama lafiya lau, har na yi hamdala. Da na cusa hannu ƙasa, sai na damƙo jar ƙasa mai ɗanshi. Gara ta shigo ta gindi, ta yi gini a cikin rubutun Baba. Na zauna daɓas, na yi kuka kamar ranar jana'izarsa.

Ƙanena ya ce, "Mi yar rage, Yaya?"

Bakwai suka rage, su ma na bugun inji da ake samu a kasuwa.

Ranar Juma'a aka kawo sabon batir. Har yanzu babu tebur. Ƙanena ya kama gefe ɗaya na talabijin, ya tsaya yana dubana. Na tashi na kama masa ɗaya gefen.