Dokar Ndagi a gaban raga

Minti na tamanin da tara, wasan ƙarshe na gasar gem ɗin ƙwallo a shagonmu na Tudun Fulani, ɗaya da ɗaya. Abokina Ndagi ya yanke golana, saura raga kawai, sai wayata ta yi ƙara. Mama ce.

Nan take ya tsayar da wasan, ya ajiye pad ɗin da yake buga gem ɗin da shi.

Na ce, "Buga mana, zan kira ta anjima."

Ya ce, "Dokata ce, ba na cin mutum uwarsa na kira. Ɗauka. Ni tawa ta daina kira."

Na ɗauka. Ashe tambaya take ko na ci abinci.

Ina ajiyewa ya zura min ƙwallon, ba tausayi!

Kofin gasar ya tafi, amma na gode, Ndagi. Allah ya jiƙan mahaifiyarka.

Ku fa, mece ce dokarku a gem?