Gilasai Shida a Farantin Umma

A shekarar da nake digiri na biyu, aikina narka gilashi ne. Ba irin na taga ba, wani ne da ake yi da garin telurait, a zuba masa ɗan sinadarin erbiyam don ya ƙara wa hasken da ke ratsa shi ƙarfi. Guda shida ne suka fito daga tanderu ba su tsage ba, ƙanana kamar maɓallin riga, kowanne da nasa awon erbiyam. Garin kuwa ya ƙare, kuma malamina ya ce ba za a sayo wani ba a wannan zangon.

Na naɗe kowanne a takarda mai lamba, na jera su a gwangwanin alewa. Ina jin da na bar su a ɗakin gwaji babu abin da zai same su, amma tsoron kada wani ya taɓa ya sa na kawo su gidanmu a Hayin Banki.

Ranar Lahadi na dawo daga aski na tarar da su a faranti a tsakar gida, suna ƙyalli. Umma ta wanke su. Takardun kuma ta hura gawayi da su.

"Duwatsun zoben naka duk shatin yatsa," in ji ta.

Na zauna a kan turmi. "Umma, lambobin su ne aikin. In ban san wanne ya fi wanne sinadari ba, ba ni da abin rubutawa."

"Me sinadarin yake musu?"

"Yana sa su ruwan hoda. Mai yawa ya fi ja. A ƙa'ida dai."

"Shi ne ka zauna kamar an yi maka rasuwa, Malam Bature?"

Umma ɗinkin hula take yi tun kafin a haife ni. Zare biyu da mai shago zai rantse ɗaya ne, ita sai ta raba su. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, don a cewarta rana ƙarya take wa launi, ta shiga jera gilasan. Na uku da na huɗu sau biyu tana sauya musu wuri.

"Wannan kauri ya fi, ba ja ba," ta ce, ta mai da shi baya.

Washegari na auna su a na'urar da ke gwada hasken da gilashi ya sha. Jerin ya fito daidai da nata, har na ukun da na huɗun. Da na ba malamina labari, dariya ya yi, ya ce ai na'urar da kanta za ta raba su in an lura da kauri. Wataƙila na san haka, tsoro ne ya mantar da ni.

Na koma gida na ci tuwo malmala biyu. Umma ta tambaya ko na'urar ta yarda da ita. Na ce ta yarda.

"Ta taimaki kanta," ta ce, ta ci gaba da ɗinkinta.