Shekara Tara Motar Alhaji Na Kan Gangara

Shekara tara ke nan da rasuwar Alhaji, Allah ya jiƙansa, kuma har yau ban iya amsa tambaya guda ba: tsakanin mu da motarsa, wa ya fi ɗaukar wani? Ni ban yi boko ba. Autata ce ke rubuta abin da nake faɗa, in na tsaya kuka ta jira ni.

Tsohuwar a-kori-kura ce. Ya saye ta a Malumfashi bayan an sayar da auduga, tun a lokacin ma tana da furfura. Ba ta tashi sai da turi. Saboda haka rayuwarmu duka ta koma neman gangara. Gidan da muke ciki a Funtuwa, ba don kyansa Alhaji ya zaɓe shi ba, don ƙofarsa na kan tudu ne. Ya sauya masallacin Juma'a saboda filin wancan shimfiɗe yake. Akwai ƙanwarsa a Gozaki da ya rage kai wa ziyara, aka yi ta zargin gaba ce, alhali gidanta ne ke cikin kwari.

Abin da ta ci kuwa, ba na iya lissafa shi da kuɗi. Na dai san ta ci ragunan layya, ta ci masarar gonar Bakori ta wata shekara, ta haɗa da keken ɗinkina. Ta ci maƙwabta ma, don da an ji ƙarar makullai a hannun Alhaji sai dakalin ƙofar gida ya watse. Mai sayar masa da kayan gyara, wani mutumin kudu, da ya zo ta'aziyya ya fi wasu dangi kuka. Na yarda har zuciyarsa yake yi.

Kullum Alhaji cewa yake, “Hajiya, abu ɗaya ya rage, ta koma sabuwa.” Abu ɗayan nan ya girmi wasu jikokina.

Da zai ga motocin yau da ake tayarwa da yatsa, na san tsaki zai yi, ya ce shi ya sa mutane suka daina gaida maƙwabta. Da ya ji kuɗin mai kuma, sai ya yi alfaharin cewa tasa ta daina sha.

Yanzu 'ya'yana sun kawo masu sayen ƙarfe, wai a auna ta a kan sikeli. Babban ya ce, “Inna, kaji ne fa kawai ke amfana da ita.” Ba ƙarya ya yi ba. Yardata suke jira, ni kuwa na kasa bayarwa. Duk sanda na leƙa na gan ta da hanci a gangare, sai in ga kamar Alhaji ya shiga ɗauko hula ne.

Na gaya masu ba za a taɓa ta ba sai bayan raina, don amana ce a hannuna. Ranar da zai cika, bayan ya yafe mini na yafe masa, ya yafito ni da hannu. Na kai kunne, a zatona maganar gonaki zai yi. Ya ce, “Hajiya, dutsen nan na gaban taya, kada ki bari kowa ya cire. Birkin ne kawai ya rage.”