Burodin Jikar Hajiya

A layin 'yan hatsi na kasuwar Yankara, wata dattijuwa tana tsugune gaban kwaryar alkama, tabaraunta ɗaure da zare. Tana nuna wa mai hatsin hoto a waya: wani siririn burodi mai duhu, kamar ɗan kwalekwale, an cika cikinsa da shinkafa da madara.

"Malam, jikata za a kawo mini daga Finlan. Uwarta ta ce da wannan take karya kumallo. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarensu."

"Hajiya, baƙin hatsin da ake yin wannan burodin ba ya fita a ƙasarmu. Ki soya mata waina mana!"

"In ta ture fa? Da me zan jawo ta jikina?"

Ta sa ya haɗa mata alkama da jar dawa, ko launin ya zo kusa. Yana awo, yatsunta suna tattare bakin mayafinta ƙanana-ƙanana, kamar gefen burodin nan. Da alama ta sha gwadawa da kwaɓin gari a gida, kullun yana yagewa.

Ta dubi hoton, ta dubi mayafin, ta warware, ta sake farawa.