Hoton da rana ta cinye a Jibiya

Ko na manta komai na aikin hoto, ba zan manta da wata la'asar a kan iyakar Jibiya ba. A shekarun hamsin ne, kafin mulkin kai, ina mataimakin mai ɗaukar hoto a ofishin watsa labarai na lardi. Aka tura ni in ɗauko motocin gyaɗa da shanun da ke ƙetarowa daga ƙasar Faransa, wato yankin da Faransawa ke mulka a lokacin.

An haɗa ni da wani zungureren gilashin kyamara mai jawo nesa, tsohon yayi tun na kafin yaƙin duniya na biyu. Ku yaran yanzu ba ku san jarabarsa ba. Cikinsa gilasai ne a jere, kuma ba a shafa musu maganin hana ƙyalli ba. In rana na bayanka, zai kawo maka ƙudan da ke kan kunnen jaki. In tana gabanka, sai haske ya shiga ya yi ta karo tsakanin gilasan, hoto ya fito fari da zobba-zobba. Hular da ake sa masa a baki don inuwa kuwa ta ɓata tun kafin a ɗauke ni aiki.

Ina haɗa kaya sai Malam Idi, wani ma'aikacin kwastan, ya zo da yayarsa, Inna Hure, mutuniyar Bugaje. Ya ce ta taɓa aure a wajen Maraɗi, ta bar ɗa a can. Faransawa sun ɗauke shi soja, kuma a ranar za a kwashe su daga ofishin jandarma, 'yan sandan Faransawa, da muke hangowa, a kai su yaƙi wata ƙasa. Hotonsa take so.

Na ce, “Inna, ai ga shi can, ki ƙetara ku yi sallama mana.”

Ta sunkuyar da kai. Malam Idi ya ja ni gefe ya ce, “Mai hoto, ɗan hwarinta na. Ko sunanai ba ta hwaɗi, balle ta dubi huskatai. Ɗauko mata shi daga nan, kada shi sani.”

Ni ma ba halin in matsa, don jandarma na ganin kyamara za su ƙwace. Na kafa ta a gindin wata bishiyar bedi. Da aka fito da samarin, rana ta riga ta sauko daidai bayan motarsu. Ga ta a gabana, ga gilashi ba hular inuwa. Malam Idi ya nuna min wani dogo, na ce ya tare min rana da hularsa. Na rage ƙofar haske, na ɗauka, na sake ɗauka, har mota ta tashi. Duk wannan Inna Hure ta ba mu baya, tana kallon gonar mutane.

A Katsina na wanke fim ɗin. Ga mota, ga takalmansa, ga jakarsa a kafaɗa, amma daga wuya zuwa sama farin zobe ne kawai. Sauran hotunan ma sun fi wannan muni. Na nuna wa shugabanmu, ya ce ba dabarar da za ta dawo da abin da bai hau fim ba. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Duk da haka na kai mata har Bugaje, ina ta ba da haƙuri. Ta riƙe hoton a gaban matan gida, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “Tsayuwatai ta, kahwaɗa guda a karkace. Bari ba ni haƙuri, yaro. Wanga dai ina iya kallonai gaban mutane.”

Bayan wasu shekaru na sake bi ta Jibiya, Malam Idi ya gaya min yaron bai dawo ba, ko labarinsa ba a ji ba. Inna Hure kuma ta rasu, an sami hoton a ƙasan kwallar kayanta, duk ya ƙoƙe saboda taɓawa.

Shi ya sa nake damunku da maganar duba rana kafin ku kafa kyamara. Motocin gyaɗa gobe ma za su zo, amma wani mutumin sau ɗaya zai tsaya a gabanka. Kuma tun daga lokacin ban ƙara yar da hoto don kawai ni na ga ya lalace ba, sai na fara nuna wa mai shi.